Murjanin Inna

Dilimi, Jos
24 ga Nuwamba, 1978

Zuwa ga maigidana, Malam Babayo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na Jidda. Yaya aikin gilashin, yaya zafin garin? Ina fatan yatsan nan da ka yanke ya warke. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da kewarka.

Saƙonka ya iso. Alhajin da ka ba shi ko gidansa bai leƙa ba, daga tasha nan ya yo da bokitin, yana ta mita wai tunda yake bai taɓa ganin wanda ya aiko da tsarabar dutse daga ƙasa mai tsarki ba. Ni kaina da na buɗe sai da jikina ya yi sanyi. Murjanin da na sani ja ne, a wuyan amare. Wannan kuwa ga shi ruwan ƙasa, da 'yan rassa kamar ɗanyar citta. Na ce a raina, yanzu a kan wannan ne muka kwashe damina muna dakon ruwan teku daga Legas a motar Bala?

Amma na bi abin da ka rubuta sau da ƙafa. Na riƙa ɗibar ruwan akwatin gilashin da ka haɗa a falo da kofi ina zubawa a bokitin kaɗan-kaɗan har ya saba, sannan na ɗora shi a kan babban dutsen, daidai ƙarƙashin fitila. Malam Gyang, abokinka malamin kimiyyar nan na Kabong, ya zo da matarsa ya auna gishirin, ya ce ya yi daidai. Ya sake ja mini kunne kamar yadda ka yi: ruwan nan har yanzu jariri ne, ɗaya kawai zai iya ɗauka, kada a ƙara masa ko da tsinke sai wata ya zagayo. Bayan 'yan kwanaki sai ga abin ya fito da wani lallausan gashi kore-kore yana kaɗawa. Ashe da gaske yana da rai.

Inna ce ta fara gani. Ka san tun da aka ɗauko ta daga garinsu Bur Sudan bayan ta fita takabar Baba, abinci sai dai ta taɓa ta ture. Ran nan kuwa ta jawo tabarmarta gaban gilashin, ta cinye tuwonta tas, har ta ba ni labarin yadda kakana yake nitso ya ciro irinsa a Bahar Maliya. Na koma ɗaki na sha kukana.

Sai dai akwai maganar da ta hana ni sukuni. Ka tuna ranar da ka gama haɗa akwatin, ta ce abin da aka rabo da bahar ba ya rayuwa a kan duwatsun nan, in ya rayu ita ma za ta zauna, in ya mutu a mai da ita gida? Kai ka yi dariya. To ta sake faɗa ranar da murjanin ya iso, kuma ba da dariya ba. Inna ba ta magana biyu. Ni kuwa ina ƙarama Baffa Ibrahima ya karɓo ni riƙo ya kawo ni Jos, ban san daɗin tashi da safe in ga uwata a tsakar gida ba sai bana. In ta koma, na san ba zan sake ganinta ba. Saboda haka duk sanda aka ɗauke wuta sai in ɗauko famfon keke in yi ta buga wa ruwan iska, in jera kwalaben ruwan zafi a ciki don kada sanyi ya kama shi.

Wani abu kuma. Na ji a bakin alhazan da suka dawo cewa Baffa yana jirgin ƙarshe, kuma wai ka kai shi bakin teku ka nuna masa inda ka samo. Me ya kai ka? Ka fi kowa sanin hannun Baffa, in zai ba ka goro ɗaya sai ya kawo huhu. Don Allah in takardar nan ta riske ka kafin ya taso, ka lallashe shi kada ya ɗauko komai.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Ka huta lafiya.

Taka har kullum,
Zinariya


Dilimi, Jos
9 ga Disamba, 1978

Maigida,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Ka gafarce ni in gaisuwar ta yi gajarta, hankalina ba a kwance yake ba.

Abin da nake gudu ya faru. Baffa ya sauka lafiya, mun gode Allah, amma ya sauka da bokiti. Ba irin naka ba, babban bokitin wanka, shaƙe har wuya. Wai yaran bakin teku ya sa suka ciro masa duk wanda ya yi kyau. Jirginsu ya yi jinkiri, bokitin ya kwana ya wuni a filin jirgi cikin rana. A cikin jirgi a kan cinyarsa ya riƙe shi. Har dardumar da ya saya wa kansa ya bari a can saboda kaya sun yi nauyi, wannan kuwa ya ce ko za a bar shi a Jidda sai ya taho da shi.

Washegari da la'asar ya zo da kansa, da 'yan rakiya cike da falo, ya dire bokitin a gaban Inna. Ya ce ya ji surukinsa ya aiko wa matar yayansa da ƙwaya ɗaya tal kamar mai rowa, shi ya kawo mata bahar ɗin gaba ɗaya. Fuskarsa kamar gonar auduga. Ban taɓa ganin Baffa cikin farin ciki irin na ran nan ba, ko ranar ɗaurin aurenmu.

Na durƙusa na yi godiya. Na ce ko a bar su a bokitin tukuna su huta gajiya. Ya ce a'a. Na ce ruwan namu sabo ne, an ce ba ya son yawa. Sai murmushin ya ragu, ya tambaye ni ko tsarabar tasa ce ba ta yi mini ba. A gaban mutane fa. Mutumin da ya ci da ni, ya sa ni makaranta, ya yi mini kayan ɗaki har da gadon ƙarfe. Ka faɗa mini da wane baki zan ce masa a'a? Tun da na ɗaga murfin nake jin wani ɗan ƙarni yana tashi, na ga wasu sun yi yauƙi, amma haka na riƙa ɗaukowa ina sakawa, ana ta kabbara da sambarka, har babu wurin da za ka ga yashin ƙasan. Namu na fari yana can tsakiya, an yi masa zobe.

Na saci kallon Inna ko za ta cece ni. Ita da ta san abin ciki da waje, da ta buɗe baki da Baffa ya ji. Amma ina! Ta yi masa godiya kawai, ta ja mayafinta. Wannan shirun ya fi komai tsorata ni, don sai na ga kamar jira take yi ruwan ya yanke mata hukunci.

Na aika wa Malam Gyang. Da ya zo ya gani sai ya riƙe kai. Ya ce in fitar da su a ranar, ko in rasa duka. Na ce to. Amma Baffa kullum bayan la'asar sai ya zo da sababbin baƙi, jiya har da abokan cinikinsa na kasuwar Terminus, ya tsaya yana nuna musu wannan shi ya zaɓa, wancan da ƙyar aka ciro. Ya san wurin kowanne. Na gwada zare guda ɗaya da ya fi lalacewa, yana shigowa ya tambayi inda yake.

Yau da safe ruwan ya fara dishi-dishi. Murjaninmu bai fito da gashinsa ba. Ruwan Legas da ya rage mini bai taka kara ya karya ba, Bala kuma motarsa ta lalace a hanya. Ina rubutun nan ina ɗaga kai ina duban gilashin. Ka yi mana addu'a a inda addu'a ba ta faɗuwa.

Matarka,
Zinariya


Dilimi, Jos
14 ga Disamba, 1978

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma jikinmu lafiya, sauran kuwa sai dai Allah.

Na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba, kuma kai nake so ka fara ji daga bakina kafin 'yan kai rahoto su riga ni.

Ranar Talata ruwan ya koma fari kamar an dama koko a ciki. Wari ya cika falo har tsakar gida. Aka kuma ɗauke wuta tun hantsi. Na wuni a kan famfon keke har tafin hannuna ya yi bororo. Ina leƙawa ta sama ina hango namu, fatar jikinsa tana saɓulewa tana yawo a ruwa. Inna tana zaune a tabarmarta tana jan carbi, tana kallona, tana kallon gilashin.

Ana cikin haka Baffa ya yi sallama da baƙi. Wai har cewa ya yi ruwan ne ke son a ƙara masa gishiri, a aika kasuwa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na jawo bokitin nasa, na naɗe hannun riga, na shiga tsamo su ɗaya bayan ɗaya a gaban idonsa. Ya kira sunana ban waiwaya ba. Ya sake kira da muryar nan da take sa ni fitsari a zane ina yarinya, ban fasa ba. Na ce masa, kuma da ƙarfi na faɗa, tsarabarsa ruɓa take yi, za ta kashe mini na uwata, in ya mutu kuma ita ma tafiya za ta yi, shi ya taɓa raba ni da ita sau ɗaya, ba za a sake ba.

Wannan ta ƙarshen ce ba ni da hujjarta. Baffa bai raba ni da kowa ba, Baba ne ya ba shi ni, shi kuma ya riƙe ni kamar shi ya haife ni. Amma magana ta riga ta fita. Baƙin suka sulale ɗaya-ɗaya. Shi kuwa ya daɗe a tsaye yana duban bokitin, sannan ya sunkuya ya ɗauka da kansa, tsoho da shi, ya fita da abinsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na zauna a ƙasa kusa da gilashin. Sai na ji motsi, ashe Inna ce ta tashi. Ta tuɓe awarwaronta, ta karɓi ƙwarya, muka shiga kwashe ruɓaɓɓen ruwan muna zuba ɗan mai kyaun da ya rage. Ita ta sa hannu ta ɗago murjanin ta ɗauraye shi a hankali, ta juya shi ta duba ko'ina, ta mayar. Tunda aka kafa akwatin nan ba ta taɓa sa hannunta a ciki ba sai ran nan. Ba ta yi mini faɗa a kan Baffa ba, ba ta kuma ce na kyauta ba.

Na je gidan Baffa washegari in ba da haƙuri, aka ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofar ɗaki. Duk Dilimi an ɗauka, wai Zinariya ta ci mutuncin uban riƙonta a kan dutse.

Kai kuma kana can kana rubuto mini dokoki, a yi kaza kada a yi kaza. Wa ya ce ka ja tsoho bakin teku? Haushinka nake ji, wallahi, kuma kewarka nake yi, ban san wanda ya fi yawa ba. Bala ya iso jiya da jarkoki, na sake canza ruwan. Murjanin dai yana nan, ba ya motsi. Duk safiya sai na tsaya a ƙofar falo na kasa shiga.

Ka gai da mutanen wurinku.

Zinariya


Dilimi, Jos
29 ga Disamba, 1978

Zuwa ga maigidana abin alfaharina,

Aminci ya tabbata a gare ka. Yaya aiki, yaya haƙuri da mu? Ina fatan ka yafe mini zafin bakin da na yi maka a takardar baya. Ka san halin kayanka.

Albishirinka! Ya tsira. Ruwan ya washe garau, warin ya tafi, murjanin kuma ya rikiɗe ya zama fari fat, ya ma fi da kyau nesa ba kusa ba. Da na fara ganin ya yi fari na tsorata, na ruga na kira Inna. Ta zo ta duƙa ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce in kwantar da hankalina, yana nan da ransa. Wai haka suke yi in sun sha wuya, su tuɓe tsohuwar riga su yi barci, ta sha gani a bahar. Wa ya fi ta sani? Malam Gyang ya tafi ƙauyensu bikin Kirsimeti, da na kira shi ya zo ya ga abin da ya ce ba zai yiwu ba.

Yanzu kullum da safe kafin in fito ta riga ni zuwa falon. Ina shigowa za ta ce mini ya kwana lafiya. Ita ma ka gan ta kamar ba ita ba. Tana cin abinci, har ta fara kushe miyata, wai ban iya sa yaji ba. Shekaranjiya ta sa na raka ta Terminus ta sayi rigar sanyi mai kauri da safa, ta yi ta ciniki da Hausarta mai haɗe da Larabci har mai kayan ya sallama don dariya.

Kuma ka san ina ta je ranar Juma'a? Gidan Baffa, ita kaɗai, ba ta ko faɗa mini ba. Abin da suka tattauna ban sani ba. Shi dai har yanzu bai tako gidan nan ba, amma da na je gaishe shi ya amsa, ko da yake bango yake kallo. Zan ci gaba da zuwa har ya gaji ya dube ni.

Tambaya ɗaya ce da ni. Gashin nan kore bai sake fitowa ba. Barcin nasu yakan daɗe ne? Kuma yaushe ya kamata a ƙara masa ɗan'uwa, tunda wata ya zagayo? Wannan karon ɗaya tal, na ji jiki.

Inna ta ce a gaishe ka da kyau. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Zinariya


Dilimi, Jos
5 ga Fabrairu, 1979

Maigida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa, ina fatan kana lafiya. Mu duka lafiya.

Takardarka ta zo. Na karanta inda ka ce murjanin da ya yi fari fat, ba gashi ba fata, ƙashinsa ne kawai ya rage, ya riga ya mutu tun ranar da ruwan ya ɓaci. Na yi jifa da ita. Na ce me mai yankan gilashi ya sani da zai ƙaryata 'yar mai nitso? Da Malam Gyang ya dawo na kira shi don ya ƙaryata ka. Ya duba, ya dubi Inna da ke zaune, sai ya shiga yabon tsabtar ruwan. A bakin ƙofa matarsa ta riƙe hannuna ta matse. A nan na gane.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Tunanina ɗaya, kada Inna ta gane, don in ta gane ta tafi. Har na fara shirya yadda za ka aiko da wani a ɓoye in musanya. Ka ji wauta. Ni da ban san murjani ba sai bana, wai ni zan ɓoye wa matar da aka haifa a gidan da aka gina da shi.

Wata safiya bayan sallar asuba na fito da wuri zan hura wuta, na ga fitilar falo a kunne. Na leƙa ta labule. Inna ce a duƙe, hannunta cikin ruwan nan mai sanyi har gwiwar hannu. Ta ɗago murjanin, ashe gansakuka ta fara cin sa, kore-kore a tsakanin rassan, irin wadda ke kama duk dutsen da ba rai. Ta sa sabon asawaki tana goge shi reshe-reshe, ta ɗauraye, ta mayar da shi daidai yadda yake, ta share hannunta da gefen zane, ta ɓoye asawakin a ƙarƙashin tabarma. Sannan ta zauna ta ɗauki carbinta tana jirana.

Ta sani, Malam. Tun ranar da ta ɗago shi ta juya shi a hannunta ta sani. Hanyar gida ta buɗe mata, da maganarta da shaidunta, ba mai cewa ta saɓa. Inna da ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, ta zaɓi ta riƙa yi mini ita kowace safiya don kada ta tafi ta bar ni. Na san tana kewar bahar, ina jin ta tana waƙoƙinsu ƙasa-ƙasa in tana tsintar shinkafa. Ban san ko na cancanci wannan ba. Na koma madafa na toshe bakina da mayafi don kada ta ji ni.

Da na wanke fuska na shiga na gaishe ta. Ta ce ya kwana lafiya. Na ce alhamdu lillahi.

Saboda haka ga roƙona. Kada ka aiko da wani, ko babba ko ƙarami. In ka rubuto, kada ka sa maganar nan a inda za a karanta mata. Ranar da Allah ya dawo da kai kuma, ka shiga falon ka duƙa ka dube shi da kyau, ka ce ka ga ya ƙara girma. Bala zai ci gaba da kawo ruwa, ni kuma in an ɗauke wuta zan ci gaba da buga masa iska, tana kallona.

Inna tana gaishe ka. Ta ce in faɗa maka murjaninka yana nan da ransa.

Ni ce matarka,
Zinariya